Afidabit

A Adum, bayan kotu, a inuwar darbejiya,
tebura shida ne, tafireta shida.
Na biyu daga bakin kwata na Mista Adomako ne,
wanda harafin "e" na tafiretarsa ya mutu tun bara,
sai ya gama bugu ya bi gurabun da biro,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai dashen albasa.

Na ɗauko Baba daga Aboabo a tirotiro
don kuɗin fansho sun maƙale.
A takardar reluwe shi Seidu Hausa ne.
A katin ƙasa, Saeed Bawa.
A bakin Inna, shekara arba'in da ɗaya, Malam kawai.
Ofis ya ce mutum biyu yake gani,
a je a rantse cewa ɗaya ne.

"Afidabit," in ji Baba,
yana juya kalmar a baki
kamar goron da ya kwana a aljihu.
"Wai Turancin mene ne?"

Mista Adomako ya tura tabarau goshi.
Hausarsa ta Kejetia ce, ta ciniki,
ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba,
amma tana kai kaya inda aka aike ta.
Ya ce su ma Turawan Ingila aro suka yi.
Shekara huɗu ya yi a makarantar fada
kafin wata Akosua ta wuce da tulu ta canza masa hanya.
Abin da ya tsira da shi: Latin, da ciwon gwiwa.

Ya juya rasit, ya rubuta a bayansa: fides.
Ya ce ga uwar. Amana ke nan.
Ita ta haifi affidare,
ka ɗora amanarka a kan maganarka.
Affidavit kuwa ba suna ba ne tun fil'azal,
aiki ne da ya riga ya auku:
wane ya rantse, wane ya ba da amana.
Akawunan da suka rube a ƙasa
tun ba a sari dajin Kumasi ba
haka suke rubutawa game da mai rantsuwa.
Kalmar ta zauna, ta zauna,
har ta cinye takardar, ta zama sunanta.

Baba ya yi shiru.
Wata mai lemo ta wuce. Agogon gidan waya ya buga sha ɗaya.

"Ashe amana ce," ya ce.
"Ubana huhu sittin na goro ya ɗora daga garin nan zuwa Kano,
ba biro, ba hatimi.
Hannu da hannu, sai Fatiha.
Kuɗin suka dawo bayan wata biyar, ko anini bai yi ciwon kai ba.
Yau ni za a sayar wa amana sidi tamanin."

"Saba'in," in ji Mista Adomako,
"tunda ka tambaya. Ba mai tambaya."

A ciki, wata mata mai hatimi ta miƙo Alƙur'ani a jakar leda.
Baba ya ce yana da alwala.
Ya ɗaga hannu, ya shaida cewa shi shi ne,
muryarsa ta ɗan karye a kan Bawa,
sunan uban da bai taɓa riƙe takarda ba.
Aka dangwala babban yatsansa a shuɗin tawada.

Da muka koma Inna tana tsame wake.
Ba ta juyo ba ta ce, "To?"
Ya ce, "Gwamnati ta yarda ni ne."
Ta ce, "Sun daɗe."

Tawadar ba ta fita da alwalar azahar ba,
ba ta fita da ta la'asar ba.
Da dare na gan shi a bakin ƙofa
yana duban yatsan a hasken fitilar maƙwabta.
Takardar tana ofis yanzu, cikin wani fayil.
Rasit ɗin yana wurina,
da kalma ɗaya a bayansa,
"e" ɗinta a tsaye, da hannu.