Kaset na Biyu

Littafin bashin Baba yana nan,
bangonsa ya sha maiƙo, ya sha gumi.
A shafi na talatin da ɗaya, da jan biro:
Ladan direba, Mabera, kaset ɗaya, kwana biyu.
Kwana biyun nan sun zama shekara goma sha tara.

Shagon yana Gawon Nama har yau,
sai dai babu kantar da ake jera kwalaye,
babu hotunan da rana ta cinye wa fuska.
Daga ni sai kwamfuta, sai igiyoyin caji kamar saiwar gamji.
Ina tura wa mutane kuka da dariya a waya,
zango guda naira ɗari.
Mai data kuwa, ko sallama ba ya yi mini.

A da, tabarma uku muke shimfiɗawa a tsakar gida,
janareta na tari a zaure,
maƙwabta su shigo da kujerunsu da gardamarsu.
Kawu Marafa, tsohon ɗan sanda, yana yi wa talabijin tsawa:
"Kai, wa ya ce ka taɓa wuƙar da hannu!"

Fim ɗin kuwa, wani dillalin fata ne
aka tsinta a rijiyar bayan gidansa.
'Ya'ya huɗu, lauya ɗaya, takardar gona ta ɓace.
Hannu ya miƙo daga bayan labule,
muka riƙe numfashi,
sai rubutu ya fito: mu haɗu a na biyu.

Na biyun ya iso ranar Laraba.
Kafin magariba Ladan ya ɗauka.
Baba ya ce mai biya ke fara ci,
masu tukunya su jira ƙanzo.
Muka jira.

Baba ya ce babban ɗan ne, dubi yadda ya fi kowa kuka.
Inno ta ce lauyan ne, mutum mai goge takalmi a gidan makoki.
A kan tuwo sun yi ta, a kan hanyar asibiti sun yi ta.
Baba ya tafi da nasa zargin a baki.

Shekaranjiya, rana na dukan kwano,
wani tsoho ya tsaya da sanda da baƙar leda.
"Kai na ɗan Haliru? Ga kayanku.
Ban son in tahi da nauyi nai."

Na buɗe. Zaren ya yi fari da hunhuna.
Na zaga Marina, na zaga Tsohuwar Kasuwa,
babu injin da zai haɗiye shi.
Na bincika a waya har caji ya mutu:
dubban gidaje na rigimar gado,
dubban gawarwaki, dubban masu bincike,
ban da rijiyarmu.

Na ce, "Baba Ladan, don Allah, wa ya kashe shi?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wallahi ban gani ba, yaro.
Daren nan an ɗauke wuta,
da asuba na yi lodin albasa, sai Kwanni, sai gaba."

Inno ba ta gani sosai yanzu.
Da kunne take kallo, waya a kan matashi,
ita kaɗai, babu tabarma uku.
Na durƙusa, na sa mata kaset ɗin a tafin hannu.
Ta shafa shi kamar fuskar jika.
Ta ce, "To?"

Na dubi rufi, na dubi ƙasa.
Na ce, "Lauyan ne, Inno."

Ta ce, "Ai na gaya wa ubanka."
Ta juya bango, kafaɗarta na rawa,
ban san ko dariya ba ce.

Da safe na nemo jan biro.
Sai da na hura masa iska kafin ya yarda.
Na ja layi a kan sunan Ladan.