Gyara

Ashirin ga Disamba, la'asar sakaliya,
waya ta yi ƙara a aljihun rigar aiki.
Hannuna duk ƙaiƙayin shinkafa,
na goge a cinya, na duba:
dubu tamanin, garaɓasar shekara,
ba a gutsure ko sisi ba.

Abin ya ɗaure mini kai.
Shekara tara ina gaban injin casa a hanyar Dukku,
ban taɓa ganin kuɗi sun iso ni da kunnuwansu biyu ba.
Kowane wata sai an yanki takwas cikin ɗari,
kamfani ya ɗora goma a kai,
a tura wani asusu da ban san ƙofarsa ba,
a ce, na tsufanka ne, Giɗaɗo.

Na hau bene wurin akanta.
Rifkatu 'yar Kaltungo, tabarau a karan hanci,
fanka na kaɗa takardun tebur.
Na ce, yau kin manta wuƙar a gida ne?
Ta yi dariya har ta cire tabarau.
Ta ce, ka taɓa awon gero a kasuwar Kumo?
Mudu daban, gyara daban.
A takardar ɗaukarka aiki abu uku aka rubuta,
albashi, kuɗin gida, kuɗin mota,
su fansho ke ci.
Garaɓasa gyara ce, ba ta shiga awo.
Sai fa in kai ka ga dama ka zuba.
Ga fom, rubuta nawa,
amma kamfani ba zai raka ka da kwabo ba,
wannan tafiyar taka ce kai kaɗai.

Na sauko da fom a ninke huɗu.

A bakin ƙofa Bappa Manu na zaune
da faifan goro da kwalin ashana.
Shi ya koya mini ɗaure bel,
shi ya nuna mini inda injin ke cizo
da yatsan da injin ya rage masa.
A zamaninsa garaɓasa buhu biyu ce da turmin atamfa.
An ci, an ɗaura, ta koɗe.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya fasa goro, ya miƙo mini babban ɓarin,
na karɓa na jefa aljihu kusa da fom.

A Bolari, Dudu ta raba kuɗin tun kafin su zo:
kwano shida na ɗakin da ya yi mana yoyo da damina,
zango na biyu na makarantar Nafisa,
bashin mai kemis tun zazzaɓin Agusta,
sai kaza, ko guda ɗaya, don yara su san shekara ta ƙare.
Na buga lissafi a bayan kwalin sabulu.
Sittin da takwas sun tafi.
Sha biyu suka tsaya suna kallona.

Daren nan mu biyu muka kwana da suna ɗaya.
Ni, mai ɗaga buhu ba tare da nishi ba,
da wani dattijo da bai iso ba tukuna,
zaune a ƙarshen gado yana murza gwiwa.
Ba ya roƙo, ba ya ƙorafi.
Hancina ne a fuskarsa.
Jira kawai yake ya ga ko zan gane shi.

Da safe na rubuta dubu goma,
sifilin ƙarshe ya ɗan karkace.
Rifkatu ta buga hatimi, ta ce, ka san ba yawa?
Na ce, na sani.
Shi ma wanda zan aika wa ba mai yawan ci ba ne.

Saura dubu biyu.
Na tsaya a bakin ƙofa,
na ce Bappa ya juye mini faifan gaba ɗaya.
Ya daɗe yana dubana, yana ƙulla leda a hankali,
don ya fi kowa sanin
ni ba na cin goro.