Sandar Aurèle

Ƙarfe biyar na asuba, Rimouski na barci,
na tayar da bas, sanyi na cizon yatsu.
Mutum talatin da ɗaya, duk sun girme ni,
carbi a aljihu, ƙwayoyin magani a jaka,
burodi naɗe a takarda.
Ni direba ne, ba mai ziyara ba.
Rabona da coci tun jana'izar mahaifiyata.

Kogin Saint-Laurent na damanmu yana yi mana rakiya,
fararen dinya sun sauka a laka, dubu kan dubu,
suna hayaniya kamar an raba musu gado.
Fada Gratien ya ja addu'a, suka amsa.
Kafin Montmagny rabinsu na minshari.

Ban da Fernande.
Tana bayana, ina ganinta a madubi,
ta rungume sandar guragu a cinya kamar jinjiri,
alhali ƙafarta lafiya lau,
na ga yadda ta hau matakala ba ta dafa kowa ba.

A Sainte-Anne-de-Beaupré, daga shiga ƙofa,
ginshiƙai biyu sun sha kaya:
sanduna, kwagiri, takalman ƙarfe na yara,
kowanne na cewa mai ni ya tafi da ƙafarsa.
Na tsaya riƙe da hula, ina neman hanyar fita,
sai ta ja hannun rigata.
"Léandre, kai ne dogo, zo ka rataya mini."

Na ce, ta wa ce?
Ta ce, "Ta Aurèle.
Gungume ya danne shi a ma'aikatar katako.
Shekara tara muna zuwa nan, shi da ni,
yana ɗingishi, ina riƙe masa kyandir.
Ya rasu a Maris, ranar da ƙanƙarar kogi ta fashe."

Bakina ya riga hankalina:
Ai nan wurin waɗanda suka warke ne.
Ta dube ni, duban da ake yi wa yaron da ya zubar da miya.
"Ya ajiye ta, ko bai ajiye ba?"

Na karɓa.
Mariƙin ya suɗe, an naɗe shi da baƙin salatif,
akwai gurbin babban yatsa, nawa ya zauna daidai.
Ban sami ƙusa ba,
na jingina ta a gindin ginshiƙi, cikin 'yan'uwanta.
Babu wadda ta tambaye ta shaida.

Washegari, Cap-de-la-Madeleine, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Tagwayen Bérubé suka yi cacar baki kan lema ɗaya
a tsakiyar gadar carbi, Maryamu na kallonsu.
Wata ta cika gorar lemo da ruwa mai tsarki,
ta tsiyaye a ƙarƙashin kujera,
na goge da tsumman da nake goge gilashi.

Montréal, kan dutse, majami'ar Yusufu kafinta.
Matakalar katako casa'in da tara, da gwiwa ake hawa.
Fernande ta miƙa mini jakarta, ta durƙusa.
Ina ƙasa da kofi, ina ƙirga mata,
a ta sittin na ɓata lissafi,
a ta nawa ban sani ba na tarar da kaina a ciki,
gaban kyandirori ja, zafinsu na dukan fuska.
Na jefa kuɗi, na kunna ɗaya.
Addu'a ta gudu ta bar ni,
sai na faɗi sunan mahaifiyata, Yvette,
sau biyu, kamar mai kira daga bakin ƙofa.

Dare muka kamo hanyar gida, kogi ya koma hagu.
Babu mai waƙa, babu mai tari.
A madubi, hannuwan Fernande biyu a cinya,
sun rasa abin riƙewa,
wannan ya dafa wancan, suka yi barci.
Na rage gudu saboda ramuka.