Mai Wankin Kwalabe

Ni ne mai wankin kwalabe.
Shekara talatin da ɗaya a hawa na uku,
a Belo Horizonte, inda tituna ke hawan tudu kamar awaki.
Hannuna ya jiƙa har ya yi tamoji,
hancina ya daina jin warin sinadari
tun kaina bai san furfura ba.

Farfesa Zuleide Amarante gajeriya ce.
Sai ta taka akwatin katako take kai wa bakin bututun tacewa,
ta kafa ido a kan ɗigo,
ɗis,
ɗis,
kamar mai duban jinjirin wata.

Ban san sunan abin da take haɗawa ba.
A allo dai zobba ne masu kusurwa shida, tamkar saƙar zuma,
ta ɗaura wa wannan wutsiya, ta yanke wa wancan kunne,
ta juyo da alli a goshi ta ce:
Valdomiro, ƙwayar zarra ba ta ƙarya,
mu ne masu gaggawa.

Abokin gabarta ƙwaro ne ke kawo shi,
ƙwaron da ke wuni a tsagar bangon laka,
ya sauko da dare ya tsotsi yaro a kumatu,
ya bar masa ajiya a jini.
Shekara ashirin shiru kake ji,
sai zuciya ta kumbura kamar ƙullin da aka manta a rana.
Haka uwata ta tafi a Montes Claros,
tana tsintar tsakuwa a wake.
Ban taɓa gaya wa Farfesa ba.
Ina jin ta sani,
don kofin gahawata kullum ita ke cikawa.

Lamba tamanin da bakwai ta kashe cutar, ta haɗa da ɓeran.
Ɗari da sha biyu ta ƙi narkewa, ta kwanta a gindin kwalba kamar yashi.
Ɗari biyu da shida kuwa, wata huɗu tana faranta mana,
har muka sayo burodin cuku muka ci a tsaye,
sai hanta ta ce ba ta yarda ba.
Ranar Farfesa ba ta ce uffan ba.
Ta naɗe hannun riga, ta tsaya a gefena,
ta wanke kwalabe arba'in.
Ta fasa biyu.

Ɗalibai sun zo, sun wuce kamar ruwan bazara.
Ednalva da ta ƙone gira a makon farko,
Josimar mai waƙa in ya tsorata,
da wani da ya gyara alƙaluma don su yi kyau.
Ba ta kore shi ba.
Ta miƙa masa sabon littafi ta ce:
rubuta abin da ka gani, ko da toka ce,
wani zai taka tokar ya san nan an yi gobara.

Yau ta tattara littattafanta, kwali tara.
Hannunta na rawa, ba ya iya riƙe ɗigo.
Babu kantin magani a duniya da ke sayar da sunanta.
Amma da hantsi saƙo ya zo daga Recife:
Ednalva ta tono ɗari biyu da shida,
ta sauya mata wutsiya guda,
ɓeraye na cin abinci, ga wata na tara.

Ta karanta, ta cire tabarau, ta mayar.
Na zaci za ta yi kuka.
Ta ce: a gaya mata ta maimaita sau uku.

Akwatin katakon ta bar shi a wurinsa.
Da la'asar wata sabuwar yarinya, ita ma ba tsawo,
ta ja shi da ƙafa ba tare da ta tambayi na wa ne ba,
ta hau.
Ni kuma na buɗe famfo,
akwai sauran kwalabe.