Fatakar Nomau

Ruwan Agusta ya kayar da rumbun Tabawa
a wani ƙauye gabas da Sule Tankarkar,
sai ga gwangwanin madara a kogon gindinsa,
an toshe masa baki da tsumma da ƙaro.
Aka aiko mini yaro a kan keke,
don an san ni ne mai bin kuɗin da suka daina saye.

Na shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tabarma.
Ta zazzage.
Anini tara, kwabbai masu huda,
taro guda da ya sha hannu har fuska ta gudu,
sisi biyu, ɗaya da tabon haƙori.
Irin waɗannan ba sa ba ni wahala.
Kuɗin da ya yi yawo ɗan ci-rani ne,
kafin ya buɗe baki, faso ya riga ya faɗa.

Sai fataka.
Ita kaɗai aka naɗe da auduga.
Na kama ta gefe da gefe, kamar mai ɗaukar garwashi,
na juya ta a hasken hantsi.
Ƙyallin ya zagaya bai yi tuntuɓe ba,
reshen gyaɗa a tsaye, kowace jijiya da ranta.
Zuciyata ta ce, wannan daga maƙera sai gwangwani.

Amma na ciro madubina mai ido ɗaya.
Can a kan ganyen da ya fi tudu
akwai wani dushi-dushi, bai kai ƙwayar gero ba,
kai, rabin riɗi ma da ƙyar.
In na karkata ya ɓace, in na daidaita ya dawo.
Ko gogar 'yan'uwanta ce a buhun banki,
ko kuwa babban yatsan mutum.
Tsakanin biyun nan akwai kuɗin tunkiya.

Na ce, Iya, ta taɓa shiga kasuwa?
Ta ce, ko zauren gidan nan ba ta sake ƙetarewa ba.
Nomau ya karɓo ta a bakin sikeli
shekarar da gyaɗa ta yi har aka rasa buhu,
ya ce wannan ba ta cefane ba ce.
Na ce, to wa ya taɓa ta?

Ta yi shiru. Akuya na jan turke.
Can ta ce, duk daren da ruwa ya yi jinkiri
yakan ɗauko ta daga inda ban sani ba,
ya ɗora yatsa a kan ganyen nan,
ba ya gogawa, ɗorawa kawai,
ya ce gyaɗa na nan, ya je ya mayar.
Na ce, sau nawa?
Ta ce, kai ɗan ƙasar nan ne, ka ƙirga.

Littafin da ke jakata layi biyu gare shi:
ba ta fita ba, ta ɗan fita.
Babu layin kuɗin da bai sayi ko gishiri ba
amma ya yi aikin damina ashirin.
Dillalina na Kurmi ba zai tambayi Nomau ba,
madubinsa ya fi nawa kaifi,
zai ga dushin, ya ture da baya-bayan farce.

Na faɗa mata gaskiya, na faɗi farashi biyu,
na ce a ganina tana bakin ƙofa,
ƙafa ɗaya a ciki, inuwarta a waje.

Ta miƙo hannu. Na ce, ta gefe, Iya, ta gefe!
Ta dube ni kamar na hana ta gaida baƙo,
ta ɗora yatsa daidai wurin,
ta daɗe.
Ina kallo tunkiya ta fice daga cinikin.

Na sayi aninai da taron da ba shi da fuska.
Ta naɗe audugarta, ta cusa a lalita,
ta ce in gaida mutanen birni,
in kuma na ga magini a hanya, in turo shi.