Abin da Ruwa Bai Haɗiye Ba

La'asar sakaliya, ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa,
ina ɗinkin birgi, ƙafafuna cikin laka,
sai waya ta motsa a aljihun taguwa.
Muryar Tumba ce, iska tana yagar ta:
"Baba, yau mun iso kansa.
Yana can ƙasa, kwance bisa haƙarƙari
kamar san da aka kayar aka manta ba a yanka ba."

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Ruwana Rima ne, mai ramewa da bazara
har yaro ya ƙetare da wandonsa a ka.
Ɗiyata kuwa, da na aika Dundaye karatu da kuɗin tarwaɗa,
tana cikin farin jirgi, wata na uku,
suna zura na'ura da igiya kamar guga,
na'ura mai ido ɗaya da fitila a goshi,
ta leƙa cikin jirgin yaƙin da ya nutse
tun kakanta Maidamma yana saurayi.

Ta ce bama-bamai ne jere, kamar dawa a rumbu.
Shekara tamanin ba wanda ya taɓa su
sai tsatsa, mai ci a hankali
yadda gara ke cin azara, ɗaki na tsaye ana barci.
Ta ce wani abu rawaya yana tsiyaya.
Suna kama kifi, su buɗe ciki, su auna hanta.
Na yi dariya ni kaɗai:
sana'ar gidanmu ce ta sa farar riga.

Maidamma ya dawo daga Bama da lambar tagulla
da tari wanda bai sake shi ba.
Yakan ce yaƙi ya ƙare, an busa ƙaho, an raba kuɗi.
Allah ya jiƙan tsoho.
Ashe ba a busa wa na ƙasan ruwa ba.

Na mai da wayar aljihu.
Allura ta ƙi shiga idon birgi.

Akwai wata shekara da ban faɗa wa kowa ba.
Gero ya ƙone a tsaye, Tumba tana goye,
na sayo gamalin a kasuwa, gwangwani guda,
na tsiyaya rabi a tafkin bayan Gidan Bubu kafin asalatu.
Hantsi bai yi ba karfasa ta taso, ciki sama,
fari fat, kamar an shanya wanki bisa ruwa.
Na cika kwando huɗu.
Awakin Inno biyu suka sha, suka kwanta.
Aka ce iska ce. Ni ma na ce iska ce.
Sauran rabin na binne gindin giginya,
na taka ƙasar da dunduniya, na ce ya wuce.

Da magariba na ari shebur wurin Ɗan'ige mai albasa.
Giginyar tana nan, ta ƙara tsawo, ba ta gaishe ni ba.
Kamu biyu na haƙa, ƙarfe ya amsa.
Murfin ya zama garin tsatsa,
ƙasar kewaye ta yi baƙi, ko tsutsa babu,
warin kuwa kamar jiya na rufe shi.
Taku goma daga nan rijiyar masu lambu take.

Na naɗe shi a buhun taki, na ɗaure baki,
na zauna da shi kamar mai jinya.
Sauro ya taru. An kira isha daga ƙetare.

Na danna wayar, na kai ta baki:
"Tumba, Allah shi yi albarka.
In kun ciro naku,
ina kuke kai shi?"