Ƙasar da ke Tafin Takalmi

Shekara goma sha tara ina bayan wannan gilashi
a filin jirgin Lisbon, daura da ma'aunin kaya.
Abu uku nake dubawa: fasfo, rasit, kaya.
In bakinsu ya zo ɗaya, hatimi ya sauka,
gwamnati ta amayar da abin da ta haɗiye a kanti.

Mai tafiya ake mayar wa.
Mu da za mu kwana a garin mu tashi a cikinsa,
ko sabulu da harajinsa muke wanka.

Na ga 'yar Luwanda da rasit bakwai cikin littafin addu'a.
Na ga wanda akwatinsa ya riga shi shiga jirgi,
yana ta rantsuwa da yaren da ba na ji.
Ba a buga wa rantsuwa hatimi.

Ran Talata, saura minti hamsin jirgin Toronto ya tashi,
na'ura ta nuna wa wani tsoho ja, ta turo mini shi.
Adelino Fragoso. Fasfon Kanada.
Wurin haihuwa: nan.

Rasit ɗaya. Takalmin fata, baƙi, yuro ɗari da arba'in.
Na ce, ina kayan?
Ya ja da baya taku biyu, ya sunkuyar da kai.
Suna ƙafarsa.

Na ce, Baba, sabo doka ta ce,
a kwalinsa, ba a taka ba.
Ya ce ya sani.
Da kambas ya sauka, duba Ermelinda ya zo yi,
kwana huɗu ta ba shi, ta cika.
Wa zai bi gawar yayarsa da kambas?
Yarinyar kanti ce ta hango fasfon a aljihunsa,
ta cike takardar ba tare da ya nema ba:
ai kai baƙo ne, kana da sauran canji.

Baƙo, in ji ta.
A layin da na koyi tafiya.

Sai ya tuɓe ɗaya ya ɗora a kan kanta.
Safarsa ta huje a babban yatsa.
Na juya takalmin. A tsagin tafinsa
ƙasar maƙabarta ce, ba ta gama bushewa ba,
'yan ɓarɓashi suka zubo kusa da tawadata.

Custódio ya yi gyaran murya: layi ya kai ƙofa.
Na buga lissafi don hannuna ya sami abin yi.
Ashirin da shida ne harajin.
In kamfani ya yagi rabonsa,
sha bakwai za su kai gare shi, bayan wata biyu.

Hatimin na hannuna. Ba nauyi gare shi ba.
Na ce, ba zan iya ba.

Na shirya wa faɗa, na shirya wa magiya,
ban shirya wa dariya ba.
Ya yi ta har da tari, ya riƙe gefen kanta.
Ya ce, to kin gani,
shekara arba'in da shida rabon garin nan da sisina.
Yau na biya kamar kowa. A bar musu.
A gyara fitilar titin Ermelinda da su.

Ya karɓi takardarsa fara, babu hatimi,
ya ninke ta huɗu, ya sa a tsakiyar fasfo,
ya durƙusa da ƙyar ya ɗaure igiya.
Na bi shi da ido har ƙofa ta sha huɗu,
yana fita da ƙasar da babu ita a rasit,
babu wanda ya ce ya bayyana ta.

Custódio ya share kanta da gefen hannu.
Na gaba, na ce.

Da daddare na tsaya sayen sabulu da burodi.
A ƙarƙashin fitila na karanta layin ƙarshe na rasit,
wanda ban taɓa karantawa ba,
sannan na hau mota, tasha shida zuwa gida.